Inna Mai Akwati da Allura ta Biyu

Tun kafin mai shara ta iso, Inna Mai Akwati ta buɗe firijin asibiti, ta duba sanyinsa, ta jera kwalaben rigakafi a akwatinta na ƙanƙara. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana yi wa masu ciki allurar da ke kare jariri daga sarƙewar haƙora. A makon nan za ta yi ritaya, kuma ba za mu bari ta sulale shiru ba.

Allurar sai an maimaita ta, kuma ta biyun ce ke ba Inna ciwon kai. Akwai wata tela da ɗanta na fari ya daina kama nono a kwana na shida, bakinsa ya ƙi buɗuwa, ya koma. Da ta sake samun ciki ta zo ta karɓi ta farko, hannu ya yi tsami, ɗinki ya tsaya. Daga nan ko ƙeyarta ba a sake gani ba.

Inna ta saɓa akwati har shago.

"'Yata, miƙo hannun."

"Inna, ki rufa min asiri. Dubi kayan mutane jibge, wa zai juya min keke?"

"Ni mana. Matsa."

Tela ta miƙa hannu, Inna ta yi mata allura ta biyun. Maƙwabta shaida ne, yammaci biyu Inna na tashi daga aiki ta zo ta zauna tana juya keken hannu, tela na saita yadi. Ɗinkin da Inna ta gwada ita kaɗai kuwa sai da aka farke shi, ana dariya har da hawaye.

Aka haifi mace. Ranar kwana na shida idon tela na kan bakin jaririya. Jaririya ta cafki nono ta ja har uwar ta yi ƙara, sannan uwar ta fashe da kukan daɗi.

Inna, ke ce mai bin mutum da alheri har ƙofar shagonsa. Ɗinki dai ba ki iya ba, amma mun gode, Allah Ya saka miki. Ku masu gadon aikinta, in mai ciki ta ƙi dawowa, ku taka ku ji abin da ya hana ta.

Jiya tela ta kawo yarinyar, 'yar shekara bakwai, su yi wa Inna sallama.

"Inna, surutunta ya ishe ni. Bakin nan ba ya rufuwa."

Inna ta jawo yarinyar jikinta. "Ƙyale ta. Ai don ya buɗu muka sha wahalar."