Malama Gwada-Mu-Gani Ta Ajiye Alli

Kafin mai gadi ya gama sharar bakin ƙofar makaranta take isowa. Ba ta da sauri yanzu. Gwiwoyi sun daɗe da kai ƙara, don haka takan tsaya a gindin matakala ta sauke numfashi, ta gyara riƙon jakar nan tata da ta fi kama da ta mai sayen gwangwani: gorunan roba, guntayen wayar wuta, tsofaffin batura, madubin da ya fashe. Daga nan ta hau a hankali, hannu ɗaya a bango. Ta buɗe ajin kimiyya, ta tura tagogin da suka yarda su buɗu, ta goge zanen da yara suka bar mata a allo, sannan ta tsiyaya ruwan ɗumi daga fulas ta kurɓa saboda maƙogwaro. Likita ya ce ta daina ɗaga murya. Ita kuwa ta ce masa ya zo ya yi wa yara tamanin da ɗoriya wannan bayani.

Haka ta yi shekara talatin da wani abu, kuma a ƙarshen zangon nan ta ajiye alli.

Malama Gwada-mu-gani yara suke ce mata. In ka tambaye ta ko ƙarfe yana iya yawo a kan ruwa, ba za ta ce maka e ko a'a ba. Za ta miƙo maka murfin gwangwani da kwano, ta ce, "Gwada mu gani." Mai gadi ya ce ya sha ganin ta a bakin bola tana tsince-tsince, har da farko ya zaci albashin ne ya gaza. Wani mai gyaran lantarki da ke bakin kasuwa, wanda yanzu yake da yaran shago nasa, ya ce duk makarantar daƙiƙi ake kiran sa, har shi ma ya yarda. Ranar da ta ɗora masa batir da ƙwan tocila a tafin hannu, ta ce ya haɗa da kansa, ya yi ta fama har aka tashi tara. Ba ta karɓe ba, ba ta kuma tafi ba. Da ƙwan ya kawo haske, ya ce shi dai bai san sa'ad da ya yi ihu ba.

Amma wadda ta fi kowa ganin ƙarshen aikin Malama kusa da kusa ita ce wata ɗalibar kwalejin horon malamai da aka turo koyon aiki a ajinta. Yara sun laƙaba mata Anti Kwamfuta tun ranar farko, saboda 'yar kwamfutar da take goyawa a baya.

Ita Anti ba da son ranta ta shiga layin koyarwa ba. Ilimin kwamfuta ta nema, ba ta samu ba, aka ce ga koyarwa. Yayanta yana da shagon buga takardu, kuma ya riga ya gaya mata cewa kujera tana jiran ta. "Ki gama wannan wahalar ki karɓi takardarki ki zo," in ji shi. "Wa ya taɓa yin arziki da alli?" Duk da haka ta zo da ɗan ɗokinta. Ta tara bidiyoyi masu kyau, na yadda jini ke zagaya jiki da yadda ruwa ke zama girgije. Ta lallaɓa shugaban makaranta ya fito da majigin da ke kulle a ofis tun da aka kawo shi kyauta. A ranta tana cewa in kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Makon farko aji ya yi tsit kamar ruwa ya ci su. Har 'yan wasu azuzuwan suna leƙe ta taga. Malama ta koma bencin baya ta zauna, ta miƙe ƙafafu, ta kalla tare da su, tana gyaɗa kai. Ba a daɗe ba abin ya zama jiki. Da an rufe tagogi don hoto ya fito, sai zafi ya taso, rabin aji su kifa kai. Masu ido biyu kuma su ce, "Anti, babu fim na faɗa?" Wata rana a ɗauke wuta ana tsakiyar darasi, wata rana a yini ba a kawo ba. Da ta yi musu gwaji, suka faɗi warwas. Abin da suka kalla da baki buɗe, ko ɗaya bai zauna ba.

A ɗan siton da ke bayan aji Malama ta same ta, zaune a kan kwali, takardun gwajin a cinya, ido ya yi ja.

"Mama, ni fa na gaji," in ji Anti. "Na yi iya yina. Yaran nan ba sa so. In na gama zangon nan, shagon yayana zan tafi."

Ta zaci za a yi mata wa'azin haƙuri. Malama sai ta jawo wani kwalin ta zauna da ƙyar, ta cire takalmi ɗaya tana matsa ƙafa.

"'Yar nan, ke da kika yi wata guda kin gaji, ni in ce me? Na sha barin aikin nan a zuciyata. Sai gari ya waye in ga ƙafata ta kawo ni." Ta yi tari, ta kurɓi ruwanta. "Ba zan ce miki ki zauna ba. Aikin ba ya biyan mai shi. Tambaya ɗaya nake da ita. Wannan wayar taki, tana iya ɗaukar irin abin da kike nuna musu?"

"Tana iyawa."

"To koya mini. An ce gemu ba ya hana ilimi, ni kuwa ko gemun ba ni da shi."

Anti ta yi dariya ba ta shirya ba. Kwanakin da suka biyo baya, in an tashi yara, sai su zauna su biyu. Malama ta sa tabarau, ta riƙe waya nesa da fuska kamar za ta cije ta. Ta ɗauki bidiyon rufin ɗaki, ta ɗauki yatsanta, sau da yawa ta yi ta magana ba ta danna komai ba. Ba ta ji kunya ba, ba ta kuma ce na zamaninsu ya fi ba. Ranar da ta iya, ta mayar wa Anti wayar ta ce, "Kin ga ni da na riƙe da hannuna ban yi gyangyaɗi ba. Su ma a ba su su riƙe. Su yi nasu, mu mu zama 'yan kallo."

Darasin makon shi ne tace ruwa. Aka raba aji rukuni-rukuni. Kowane rukuni zai yanke gorar roba, ya kifa ta, ya toshe bakin da ƙyalle, ya jera gawayi da yashi da tsakuwa, ya zuba ruwa mai laka, ya yi bayani da bakinsa ana ɗauka. Jakar Malama ta yi rana. Anti kuwa ta yini tana kare wayarta daga hannuwa masu jiƙe.

A rukunin bencin baya akwai wata yarinya da ta maimaita ajin, ta fi kowa tsawo, har ake mata tsiya da Yayar Aji. Kullum barci take yi. Malama ce kaɗai ta san dalili: uwarta wanki take yi wa mutane, ita kuma ita ke jido ruwan kafin ta taho. Anti ba ta taɓa jin muryarta ba. Da aka zo kan rukuninsu, sauran suka tura ta gaba don su ga abin dariya. Ta tsaya, ta yi bayani ƙasa-ƙasa, ta zuba ruwan laka. Abin da ya ɗigo a kofi baƙi ne wuluk, ya fi wanda aka zuba muni.

Aji ya kece da dariya. Wani ya ce, "Yayar Aji ta haɗa tawada!" Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta fara ja da baya. Anti, don ta rufa mata asiri, ta kai yatsa za ta goge bidiyon.

"Kar ki goge," in ji Malama. Muryar ta dushe, sai da ta buga tebur kafin a ji ta. Ta taso ta karɓi wayar, ta miƙa wa yarinyar. "Zauna can ki kalla. Ba ni zan gaya miki abin da ya faru ba. Yana ciki."

Yarinyar ta zauna a lungu ta kalla, ta sake kalla. Anti tana satar kallon ta, tana jiran hawaye. Can sai ta ɗago.

"Malama, gawayin ne. Da garinsa muka zuba. Ba mu wanke ba."

"To?"

Ta fita da gudu zuwa famfo. An kaɗa ƙararrawar tashi, aji ya watse, ita tana durƙushe tana ɗauraye gawayi. Malama, da ƙafafunta suka kumbura tun azahar, ta koma ta zauna ta jira. Anti ma ta ajiye jakarta. Ruwan da ya ɗigo a karo na biyu bai yi garau ba, amma ana ganin gindin kofi. Yarinyar ta ɗaga shi ga hasken taga ta daɗe tana kallo.

"Kar ki sha fa sai an tafasa," in ji Malama.

"Na sani, Malama. Anti, a sake ɗauka. A haɗa da na farkon."

Ranar da malamin kwaleji ya zo duba aikin Anti, babu wuta tun safe, kwamfuta ta mutu, majigi ya zama kayan ado. Anti ta dubi Malama, Malama ta nuna mata yaran da haɓa. Sai ta kira rukunin bencin baya, suka fito da gorarsu, Yayar Aji ta koyar da darasin tana gaya wa aji inda suka yi kuskure da farko. An yi surutu, an zubar da ruwa a ƙasa, an ci lokaci. Mai dubawa ya rubuta cewa aji ba shi da tsari, ya ba Anti maki tsaka-tsaki.

Ba za mu ƙara wa labarin gishiri ba. A jarrabawar ƙarshen zango, da yawa sun sake faɗuwa. Aji mai yara tamanin ba ya gyaruwa a zango ɗaya, kuma waya ɗaya ba ta isar hannuwa masu yawa haka. Sai dai Yayar Aji ta haye, karo na farko tun da ta shigo makarantar. Anti kuma ta je shagon yayanta ta ce ya ba wani kujerar.

"Kin haukace?" in ji shi.

"Wataƙila. Gajiyar ma tana nan, Yaya, ba ta tafi ba. Amma na ga abin da ake yi da ita."

In ka tambaye ta yanzu me ta koya, takan ce ta zo tana zaton na'ura ce za ta sa yara son karatu. Ta tarar na'ura tana jawo ido ne kawai, ba ta riƙe shi. Abin da ke riƙe yaro shi ne a bar shi ya taɓa, ya ɓata, a kuma samu babban da zai jira shi ya gyara. Ba ta jefar da kwamfutarta ba, kuma ta ce in Allah ya ba ta aji nata za ta yi amfani da ita fiye da da. Sai dai a hannun yara kwamfutar za ta fi yini.

Ranar sallama ba a yi wani taro mai yawa ba. An jera kujeru a ɗakin malamai, an yi jawabai, an ba Malama agogon bango da turmin zane. Da aka ce ta yi magana, ta miƙe, ta buɗe baki, muryar ta ƙi fita. Ta ɗaga hannu kawai ta zauna.

To Malama, tunda muryar ta ƙare a kan 'ya'yanmu, bari mu faɗa a madadinki. Ke ce kika tsaya bayan an tashi, kina jiran yaron da kowa ya cire rai da shi. Ke ce ba ki taɓa ɓoye gajiyarki ba, ba ki kuma huce ta a kan ɗan kowa ba. Ke ce kika zauna a gaban sa'ar 'yarki kika ce koya mini, ana saura 'yan makonni ki bar aikin, lokacin da ba wanda zai zarge ki in kin naɗe hannu. Inuwar bakin hanya, kowa ya sha ya wuce, ba a waiwayo a ga ko an ba ki ruwa. An biya ki kaɗan, an gode miki ƙasa da haka. Yau dai mun waiwayo.

Malaman da suka daɗe a aiki, ga misali: kada ku bar sababbi su yi kuka su kaɗai a bayan aji, kuma kada ku ji nauyin tambayar su abin da suka fi ku sani. Masu shigowa da na'urorinsu, ku nemi irin su Malama tun suna nan, don ba su da yawa, kuma ɗaya bayan ɗaya suke tafiya gida. Ku kuma da kuka bi ta hannunta kuka zama mutane, kada ku jira sai an yi muku sanarwar da ba a so. Tana nan da ranta. Ku je ku gaishe ta, ku gaya mata abin da kuka zama.

Mun gode, Malama. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Sannu da aiki, a huta gajiya.