Ƙaramar Bindiga a Jakar Biki

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ranar da aka kama ni da bindiga a ƙofar zauren biki ba za ta goge ba.

Lokacin ina budurwa a unguwar Waziriyya ta Jidda, ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya da alhazai ke kawo mana tsaraba. A cikinsu, jarumar da ta isa takan ɓoye 'yar bindiga a jaka, ta zaro ta ran da aka taɓa masoyinta. Ni ma na sa wa raina. Ta gaske kuwa, a Jidda wa ya isa? Sai na nufi kasuwar Balad, wajen wani tsoho mai kayan turaren wuta, wanda ke sayar da laita mai siffar bindiga don kunna gawayi.

Ya jera mini uku. Doguwar ta ƙi shiga jakata. Baƙar na ce ta 'yan fashi ce. Ta ukun ba ta wuce tafin hannuna ba, ruwan azurfa, da 'yar gangar da ke juyawa tana ƙas-ƙas.

"Ya binti, 'yata, gawayi za ki kunna ko yaƙi za ki?" in ji tsohon.

"Baba, ita nake so, halas, magana ta ƙare."

Ba a yi mako ba aka yi bikin ƙawata. A nan mahaifiyar saurayina za ta fara ganina, kuma ta riga ta gaya masa ba ta karɓar suruka sai mai natsuwa. Na sha kwalliya, na manta shaf cewa a ƙofar mata ana caje jaka saboda wayoyi masu ɗaukar hoto.

Mai cajen ta zura hannu, ta zaro ta, ta ƙwalla ihu, ta yar da ita ƙasa. Mata suka watse, wata har da barin takalmi ɗaya. Mutum guda ce ba ta motsa ba: wata dattijuwa riƙe da kaskon turare, gawayinsa ya mutu. Na gane ta nan take, idonta sak na ɗanta. Na ce shi ke nan, aure ya tafi.

"Khala, ku miƙo kaskon," na ce, yadda ake kiran inna a can.

Na ɗauki bindigata daga ƙasa, na saita gawayin, na danna kunamar. Shuɗiyar wuta ta fito, ƙamshi ya tashi.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ke ce ɗana ya ce mini ko yatsa aka sa miki a baki ba kya cizawa?" Sai ta fashe da dariya har da hawaye. "Yalla, wuce gaba, Soja. Duk kaskon da ya mutu yau, naki ne."

Yau jikokinta uku a ɗakina, kuma har gobe Soja take kirana. Bindigar ma ta ƙwace mini ita, tana kan madubinta.

Abin da na koya: natsuwar aro da na shirya ba ita ta ba ni gida ba. Wautata ce aka gani tsirara, aka kuma so ni da ita.