Motar da Ta Ƙi Yin Ciwo

A unguwar Ammariyya aka haifi Abdulghaffar, a wani tsohon gida da kakansa ya kama haya bayan ya iso Jidda daga Haɗeja da niyyar aikin hajji. Kakan ya yi hajjin, ya sake yi, ya yi aure, daga nan ba a ƙara jin ya yi zancen komawa ba. Shi kuwa jikan, gadi ya yi a wata makarantar 'yan mata har gemunsa ya yi fari. Shi ne mai riƙe lasifika a bakin ƙofa idan an tashi, yana kiran sunan yarinyar da aka zo ɗauka. Ya daɗe da ajiye aikin, amma har yau idan ya ce a miƙo masa gishiri maƙwabta na ji.

Bayan 'ya'ya, abin da ya tara a duniya shi ne ɗan gidansa na unguwar Madain Fahd da wata tsohuwar mota da ake kira Dela. Ba shi ya raɗa mata sunan ba. Mu'allim Muntaka ne, bakaniken da ke da warsha, wato garejin gyaran mota, a unguwar Waziriyya, wai don tana da mita irin ta wata gwaggonsa. Muntaka mutumin Azare ne. Umara ya zo yi tun yana saurayi, kuma idan ka tambaye shi sai ya ce bai gama ba tukuna.

Muntaka yana da tsarin aikinsa da ba ya saɓawa: ba ya buɗe mota sai mai ita ya yi masa kukanta da baki. Za ka zo ka ce tana ƙara, sai ya goge hannu da tsumma, ya karkata kai, ya ce, "Yi mini kukanta." Manyan mutane masu fararen riguna sun sha tsayawa a ƙofar warshar nan suna gurnani da tsuwwa. A wannan fanni babu wanda ya kama ƙafar Abdulghaffar, kuma Dela ba ta taɓa barinsa ya rasa abin kwaikwayo ba. Mako ba ya ƙarewa sai ta fito da sabon ciwo.

Mutanen gida suna tausaya masa, a ganinsu wahala yake sha. Ba su san komai ba. Tun da mahaifiyarsa Hajiya Zubaidatu ta rasu, Hausa ta bi ta ta bar gidan. Matarsa Wafa' haifaffiyar Makka ce, da Larabci take faɗa, da Larabci take shiri. 'Ya'yan suna ji sarai, amma idan ya yi musu magana da Hausa sai su mayar masa da Larabci. A kan bencin warshar ne kaɗai yake wuni yana Hausa, ana shan shayi, ana gardamar ko tuwon dawa ya fi na masara, alhali shi ko gonar dawa bai taɓa gani ba. Yana son zaman nan har cikin ransa. Sai dai namiji kamarsa ba ya tuƙo mota tun daga Madain Fahd don ya ce wa wani ƙato wai kewarsa ya yi. Da dalili ake zuwa warsha, kuma Dela ce dalilinsa.

Sai babban ɗansa Muath ya samu aiki mai kyau, ya yi abin da ɗa nagari ke yi, ya ɓata komai. Ya sayo wa uban mota sabuwa fil daga wakala, wato gidan dillancin da ke sayar da motocin kamfani yake kuma duba lafiyarsu. Aka ja Dela zuwa inda ake fatattaka matattun motoci a sayar da kayan cikinsu. Muath ya miƙa makulli, ya sumbaci kan uban, sannan ya gindaya sharaɗi. Motar tana da daman, ma'ana kamfani ya ɗauki lamunin duk abin da ya lalace, amma muddin wani hannu da ba na wakala ba ya kwance ko da noti ɗaya, daman ya tashi.

"Wakala bas, ya abuya," in ji shi, wato wakala kaɗai, baba, ya ƙara da cewa yana ganin girman Baffa Muntaka, amma kada ya taɓa ta.

Abdulghaffar ya yi godiya, ya sa albarka, har da ƙwalla. Kowa ya ɗauka ta murna ce.

Ya zauna jiran motar ta yi ciwo, ta ƙi. Ya bi da ita ta lungunan da suka fi ramuka, ko gezau. Ranar da aka yi ruwan sama mutane suna gudun tituna, shi ya fita neman kududdufi, ta fito a wanke. Wata ya shuɗe, wani ya bi bayansa, bai ji wanda ya ce masa "ina gajiya" ba. Abin duniya ya ishe shi, ya yanke shawara: tunda motar ba ta da kuka, shi zai yi mata.

A banɗaki ya yi atisaye. Wafa' ta jiyo wani abu tsakanin tari da kukan zabuwa, ta kawo masa zuma da habbatussauda, ya ce mata ba shi ba ne, motar ce. Washegari ya faka a ƙofar warsha ya bayyana wa Muntaka sharaɗin. Dama shi Muntaka wahala yake kiran wakala, kuma ya rantse ba tuntuɓen harshe ba ne. Ya zagaya motar hannu a baya, ya karkata kai, ya nemi a yi masa kukanta.

Abdulghaffar ya cika ƙirji. "Kirrr… ƙyas-ƙyas… wuf."

Muntaka ya ƙara karkata kai. Tun da ya fara riƙe sifana bai taɓa jin irin wannan ba. Ya ce a sake, aka sake. Ya aika a kawo shayi, aka zauna nazari har la'asar, kuma ranar Abdulghaffar ya koma gida bakinsa har kunne.

Abin da bai hango ba shi ne Muntaka zai ɗauki maganar da zafi. Ya shiga motar suka zagaya unguwa, shiru kake ji. Abdulghaffar ya ce ai kunya gare ta, ba ta yi a gaban baƙo. Muntaka ya kira maƙwabtansa, wani Bayamane mai gyaran birki da wani ɗan Pakistan mai haɗa wayoyin mota, aka sa Abdulghaffar ya yi musu. Bayamanen ya ce ƙyas-ƙyas ɗin daga ƙafar gaba yake. Ɗan Pakistan ya ce a bar zancen ƙyas-ƙyas, wuf ɗin ne abin tsoro. Saura kaɗan su bai wa hamata iska. Wata rana kuma Abdulghaffar ya manta tsarin, ya fara da wuf ya ƙare da kirrr. Muntaka ya dafe kai, ya ce ciwon ya tashi daga gaba ya koma baya.

Labari ya kai kunnen Muath ta bakin uwarsa, kafin uban ya ankara an kama masa lokacin ganin wakala. Wurin sai ka ce asibitin kuɗi: sanyi, gilashi, gahawa da dabino, kujeru masu laushi, ba mai ce wa kowa ƙala. Wani matashi mai suna Turki ya tarbe shi da allon kwamfuta a hannu, ya tambaye shi cikin ladabi abin da ke damun motar. Abdulghaffar ya yi abin da ya saba. Muryar da ta yi shekaru tana tsallake katangar makaranta ta cika zauren, wata mata ta zubar da gahawa, mai gadi ya leƙo. Turki bai ko yi murmushi ba. Ya duba allonsa bai ga gurbin da zai sa wuf ba, sai ya roƙi dattijon ya maimaita a hankali, ya naɗa a waya don injiniya ya saurara. Suka riƙe motar, suka jona ta da na'ura, suka dawo da ita tana ƙamshi, suka ce lafiyarta ƙalau. Gaskiya suka faɗa, shi ya fi kowa sani, kuma bai ga laifin aikinsu ba. Amma ya sha gahawa har ta ishe shi a wurin nan babu wanda ya tambaye shi ya iyali.

Ya koma warsha ya ba da rahoto. Sai a ranar ya lura Muntaka ya rame. Ba a aika a kawo shayi ba.

"Gaffaru, ka ji tsoron Allah," in ji Muntaka. "Kullum ka kawo mini majinyaci, ka ɗaure mini hannu. Na daina barci. Jiya a sujada na ji bakina yana cewa ƙyas-ƙyas. Halas, ya isa haka. Ko in buɗe ta yau, ko kada ka sake kawo ta nan. Ka mayar wa 'yan wahala, su da suka haife ta."

Abdulghaffar ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, gaskiyar ta ƙi fita. Da wane ido zai dubi mutumin da ya hana barci a banza? Ya tuna Muath da guminsa. Ya dubi motar, baiwar Allah, ba ta taɓa yi masa laifin komai ba. Sannan ya tuna watannin da ya yi a falo daga shi sai talabijin, tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka fita da gawar Hajiya.

"Buɗe, Mu'allim."

Muntaka ya yi bisimilla ya ɗaga bonet. A ƙarƙashi ya tarar da murfin roba, ya cire, ya tarar da wani. Ya kwance abin da ya gane, sannan ya shiga kwance abin da bai gane ba, yana jerawa a kan kwali. Bayamane da ɗan Pakistan suka zo taya shi, kowa yana farautar ɓangaren kukan da ya zaɓa. Zuwa la'asar sakaliya sun leƙa ko'ina ba su ga komai ba, suka mayar da abin da ya yarda ya koma. Aka danna maɓalli. Duk fitilun gaban direba suka kama lokaci ɗaya, ja da rawaya, motar ta yi wani siririn nishi ta mutu. Muntaka ya share gumi ya ce gyaran nan zai ɗauki lokaci, sai dai Gaffaru ya riƙa leƙowa kullum.

Motar da kanta ta kai ƙara, don a haɗe take da wayar Muath. Ya iso kafin magariba, kai tsaye daga ofis. Ya tsaya a kan kwalin ya daɗe yana kallo. Bai ɗaga murya ba, tarbiyya ta hana, amma Larabcin ya riƙa fita da gudu: daman ya tafi, ba ya ce kada a taɓa ba, me wakala ta rage shi da shi?

Uban ya bari ya gama. Sannan ya amsa da Hausa, a hankali.

"Motarka ba ta taɓa yin kuka ba, Muath. Ni na ƙirƙira. Tun da kakarka ta tafi, nan kaɗai nake yin magana a amsa mini da harshen da na yi ta."

Sifana ta suɓuce daga hannun Muntaka. Ya buɗe baki zai yi ashar, ya fasa. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya kau da kai, ya ɗauki tsumma ya yi ta goge hannu.

Muath ya dubi uban, ya dubi tsohon bakanike, ya dubi kayan cikin motar a shimfiɗe. Ya ga ya kamata ya ce wani abu, kuma ba da Larabci ba. Ya laluba a kansa, Hausar da ya samu a shirye guda ɗaya ce tak, wadda ya wuni yana ji a bakin mutane ranar zaman makokin kakarsa. Ya matsa gaban Muntaka, ya ɗan rusuna, ya miƙa hannu biyu.

"Baffa… ya haƙuri?"

Muntaka ya dubi gawar motar, ya kama hannun yaron da nasa mai baƙin mai.

"Haƙuri da godiya," ya ce. "Allah ya ba da lada."

Dariya ta ƙwace wa Abdulghaffar. Ya yi ta yi yana riƙe ciki, hawaye na bin gemunsa, ya kasa dainawa. Da ƙyar ya matsa gefe ya buga benci da tafin hannu. Muath ya dubi maiƙon da ke wurin, ya tattare farar rigarsa, ya zauna.