Taken da Baba Jatau Bai Ƙarasa Ba

Wata rana aka gayyaci wani malamin kwaleji, Malam Lurwanu, ya yi alƙalanci a gasar kiɗan gargajiya da ƙungiyar wani gari take shiryawa duk bayan girbi.

Kiɗa da wasan kwaikwayo yake koyarwa. Irin malaman nan ne da ko biro za su ciro daga aljihu sai sun gyara tabarau.

Alƙalai uku ne. Kafin a fara, aka ce kowa ya rubuta tarihinsa a takarda, mai gabatarwa ya karanta wa jama'a.

Malama Hansatu layi biyu ta rubuta. Ta ce a gaban kakarta ta koyi kiɗan ƙwarya, makaranta daga baya ta zo. Mata suka rangaɗa guɗa.

Malam Bulus ya ce a ƙungiyar mawaƙan cocin ƙauyensu ya buɗe ido. Aka tafa masa.

Na Malam Lurwanu kuwa, sai da mai gabatarwa ya tsaya ya kurɓi ruwa a tsakiya. Digiri na ɗaya, digiri na biyu, kwas a nan, taro a can.

Abu ɗaya ne babu a takardar.

Shekara goma sha ɗaya da ya yi yana bin Baba Jatau gona-gona da gangar noma a kafaɗa.

Baba Jatau ƙanen mahaifinsa ne, shi ya riƙe shi tun yana maraya, shi ya fara ɗora masa hannu a fatar ganga.

Ba mantuwa ya yi ba. Tun ranar da ya je neman aure a birni aka ce masa ba a ba ɗan makaɗa mata, ya rufe wannan babin ya kulle. Rabonsa da ƙauye shekara shida, sai dai aike.

A ƙauyensu kowane manomi yana da takensa, wato kiɗan da in aka buga a wurin gayya ya san da shi ake, ko ya gaji sai ya zabura ya kama garma. Take arba'in da 'yan kai Baba Jatau ya riƙe a kansa, har da na waɗanda suka daɗe a ƙasa. Ba a rubuce suke ba, kuma babu wanda ya gaje shi.

Kyautar gasar kuwa ita ce, na ɗaya zuwa na uku za a kai su gidan rediyo a ɗauki duk kiɗansu a ajiye.

Abin da ya taso da tsohon ke nan, ba tare da ya san wa zai tarar a kan teburin alƙalai ba.

Ana cikin gasa, sai Malam Lurwanu ya ji an kira sunan Baba Jatau.

Dokar gasar a fili take: alƙalin da yake da dangi cikin masu fafatawa ya faɗa, ya tashi, wani ya zauna a madadinsa.

Ya dubi ɗalibansa da suka cika layin gaba. Ya dubi surukinsa a kujerar manyan baƙi.

Ya gyara zama a kujerarsa.

Baba Jatau ya fito da tsohuwar gangarsa, riga ta sha ɗinki, hula ta koɗe. Ya ɗaga gula ya sauke a kan fata, wuri ya ɗauka. Take bayan take, tsofaffi na miƙewa suna jinjina, wani ma hawaye ya yi don ya ji na mahaifinsa.

Sai idon tsohon ya faɗa kan teburin alƙalai.

Ya ga yaronsa cikin babbar riga.

Makaɗi ba ya ganin nasa a taro ya wuce shi. Murna ta kwashe shi, hannunsa ya juya kiɗan, ya saki taken Lurwanu, wanda ya yi masa ranar da ya fara riƙe fartanya.

Malam Lurwanu ya sunkuyar da kai, ya shiga jujjuya takardun da ba abin da yake nema a ciki.

Kiɗan ya tsaya cak a tsakiya.

Tsohon ya ɗan tsaya, sannan ya kama wani taken daban ya ƙarasa lokacinsa.

Malama Hansatu ta karkato ta ce a hankali, "Malam, tsohon nan mantawa ya yi ne?"

Kalma biyu kawai ake bukata a nan: Babana ne.

Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Da alama."

Sauran alƙalan biyu suka rage wa tsohon maki saboda yankewar. Shi kuwa, kunnensa ya ce tara, hannunsa ya rubuta biyar, don kada gobe a gano a ce ya yi son kai.

Baba Jatau ya zo na huɗu. Maki biyu ne tsakaninsa da gidan rediyo.

Bayan la'asar, da taro ya watse, Malam Lurwanu ya zagaya bayan zauren. Ya sami Baba Jatau a gindin darbejiya yana cusa gangar cikin buhu, yana jiran motar ƙauye.

Tsohon ya yi yunƙurin miƙewa, ya ce, "Ranka ya daɗe, sannu da aiki."

Wannan gaisuwar ta fi mari zafi.

Malam Lurwanu ya durƙusa ya ce, "Baba, ni ne fa. Me ya sa ka yanke?"

"Na ga kanka ya yi ƙasa, ɗana. Ka sha wuya kafin ka hau kujerar nan, ba ni zan sauko da kai ba."

Ya ɗaure bakin buhun, ya ɗan yi murmushi.

"Amma na ga yatsunka a gefen tebur suna bin kiɗan. Su dai ba su manta da ni ba."

Kunya ta rufe Malam Lurwanu, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Nan take ya yi alkawari, shi da kansa zai zo da na'ura ya ɗauki taken nan gaba ɗaya, ba sai an je rediyo ba.

Kun san alkawarin ɗan birni.

Jarrabawa ta zo. Bayan ta, duba takardu. Bayan shi, wani taro. Kullum abin yana cin sa a rai, kullum yana cewa mako mai zuwa.

Wata biyar.

Gab da ruwan farko aka bugo masa waya. Baba Jatau ya faɗi a bakin rumbu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ma ya tafi.

A ranar ya kama hanya. Tafiyar da ta gagare shi wata biyar, awa uku ce.

Ya tarar da shi kwance a kan tabarma. Tsohon ya dube shi, ya ɗaga hannun hagu ya nuna gangar da ke rataye a bango.

Malam Lurwanu ya tuɓe babbar rigar, ya rataya ganga, ya kunna na'urar.

Ya buga wanda ya tuna. Ya sake lalubo wani. Wani ya kama farkonsa, ƙarshen ya ɓace masa. Ya dubi tsohon ko zai gyara masa, leɓe na motsi, sauti babu.

Cikin arba'in da 'yan kai, tara ya iya.

Daga ƙarshe ya buga nasa, tun daga farko har inda aka yanke shi a gaban jama'a, ya wuce wurin ya kai shi ƙarshe. Hawaye ya gangaro wa Baba Jatau ta gefen ido har cikin kunne.

Yau duk inda aka gayyaci Malam Lurwanu alƙalanci, layin farko na takardarsa ba ya canzawa: "Ɗan makaɗa ne, Jatau mai gangar noma ne ya koya masa."

Ana tafa masa sosai. Shi kuwa ba ya jin daɗin tafin, don ya san sauran take talatin da wani abu suna cikin kan da ba zai ƙara buga su ba.

Darasi: Wanda ya fara koya maka, sa sunansa a layin farko tun hannunsa na motsi. Takardar shaida ana sake buga ta in ta ɓata, abin da ke kan tsoho in ya tafi ya tafi.

In akwai wani Baba Jatau a rayuwarka, kira shi yau, kada ka ce mako mai zuwa. Sannan ka tura wa wanda ka san ya daɗe bai leƙa gida ba.