Goyon Suwaiba Mai Kitso

Duk macen da ta taɓa zama gaban Suwaiba mai kitso a Ƙofar Sauri ta san hannunta da zafi, bakinta kuma ya fi hannun. Ni maƙwabciyarta ce, na sha faɗanta fiye da kowa. Shekara goma sha tara tana gidan Malam Mannir, malamin firamare, Allah bai ba su haihuwa ba. A duk shekarun nan ban taɓa ganin hawayenta ba. Sai dai ta yi wa mai jego kitson suna, ranar sunan kuma ta ce kanta ke ciwo.

Shekara uku ke nan da suka nemi riƙon yaro daga gidan marayu. Aka yi ta kai-komo tsakanin mai unguwa, asibiti da kotu. Jami'ar jin daɗin jama'a, Hajiya Tani, ta zo duba gida har randa ta leƙa. Suwaiba ta cika ta yi fam, amma ta haɗiye. A ƙarshe aka miƙa mata jariri ɗan wata huɗu, Sadiq.

"Takardu sun ƙare," in ji Hajiya Tani. "Saura ki ga malami. Akwai abin da kotu ba ta iya ba ki."

Na raka ta wurin wani dattijon malami a Gobarau. Ya ce ba za a jingina yaron ga Mannir a matsayin uba ba, ba ya cin gado, sai wasiyya. Duk ta yarda. Sannan ya ce ran da ya balaga ba muharraminta ba ne, dole ta rufe kai gabansa.

"Malam, yaron da zan goya in wanke ma kashi, shi zan yi ma lulluɓi?"

"Kina da 'yar'uwa mai shayarwa? In ta shayar da shi kafin ya shekara biyu, kin zama innarsa ta shayarwa. Shi ke nan."

Tana da ita. Ƙanwarta Kausar na Ƙofar 'Yandaka da jaririya a hannu. Amma shekara biyu ba sa magana, tun ranar da Suwaiba ta tsawata wa babban ɗan Kausar a gidan biki, Kausar ta ce gaban mutane wadda ba ta haihu ba me ta sani game da yaro.

Sati guda Suwaiba na ja da baya, tana huce haushi a kan gashin bayin Allah. Da na gaji na tsayar da keke napep a ƙofar gida na ce ta fito.

A gidan Kausar gaisuwa ta yi tsawo har ta ƙare. Matar da ba a iya rufe wa baki sai ta hau gyara wa Sadiq hula.

"Roƙo na zo yi," ta ce da ƙyar.

"Yaya, ke da roƙo? Mi ya faru?"

Ta faɗa mata, kanta a ƙasa. Kausar ta miƙo mini 'yarta, ta karɓi Sadiq ta sa masa nono. Ya kama kamar dama jira yake.

"Yaya, maganar ga da na hwaɗa..."

"Yi shiru, kar ki sa ya ƙware."

Ta yi tsawar ne hawaye na zuba har kan haɓarta. Ni ma na yi kuka, ban ɓoye ba.

Yanzu Sadiq ya shekara uku, ɓarna sai wadda ya manta. Jiya tana cikin yi mini kitso ya hau bayanta ya fizge ɗankwalinta. Na miƙa hannu zan ƙwato mata.

"Bar mishi," ta ce, tana ƙara matse mini kai. "Kan ga ba ranar da zan rufe ma yaron ga shi."