Ranar da Makaranta Ta Ce Sai Uban Ya Zo da Kansa

Rawayau

Ƙarfe biyar da rabi na safiyar Asabar, muna idar da sallar Asuba, na hau bayan babur ɗin Sale ɗan acaba. An kwana ana ruwa, gari bai gama wayewa ba. A cinyata akwai buhun da uwar yara ta ɗaure mani: kwalbar manshanu, ƙuli-ƙuli, da fura a cikin roba. Ko da ta miƙo mani shi ba ta faɗi na wane ne ba, ni ma ban tambaya ba.

Ba yawo ya fitar da ni ba. Kwana uku kafin nan aka kira ni daga makarantar kwana mai zaman kanta da ke bayan Dutsin-Ma, inda ɗiyata ta fari take aji biyu na ƙaramar sakandare. Wata Malama Hafsatu, mai kula da ɗakin kwanan yara, ta ce yarinyar ta faɗa mata idan aka yi hutu ba za ta koma ba. Alhali kuwa sai da na sha surutun dangi kafin a bar ni in kai ta makarantar nan. Na ce zan turo ƙanena kamar kullum. Ta ce, "A'a, Malam Haruna. Kai muke so, da ƙafarka."

To, a nan gizo ke saƙa. Mu Fulani ne. Fillancin ya gudu daga bakinmu tun zamanin kakana, amma kunya tana nan daram. A gidanmu mutum ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya zama ya yi hira da shi. Mahaifiyata, Inna, ita ta raini yarinyar tun yaye. Ranar ziyara kuwa ƙanena ke zuwa. Haka aka yi mani, haka na yi, ban taɓa ganin aibin abin ba.

Hanya duk laka ce. Sau biyu na sauka muka tura babur. Sale ya ce, "Malam, yau ba ranar kasuwa ba ce, ina zuwa da sabuwar hula?"

Na ce, "Kai dai dubi gabanka, kar ka zubar mani da manshanu."

Kurfi

Ƙarfe bakwai saura kwata muka shiga Kurfi. Na bi ta nan ne don in ɗauki yayata, Adda Dije, wadda ke aure a garin. Dabarata ita ce in tafi da bakin da zai yi magana a madadina. Adda kuwa baki ne da ita, Allah Ya ba ta, ko a gidan makoki sai an ji muryarta.

Ta kawo mani koko da ƙosai, ta tsaya a kaina. "Wato yau ɗan fari zai je ganin ɗiyar fari."

Na ce, "Adda, ai ke kika riga ni."

Ta ce, "A maza nake nufi, sarkin kunya. Sha ka tashi, mota ba ta jira."

A tasha muka samu ƙaramar bas ta kusa cika. Muka tashi bakwai da rabi. Tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma bai kai kilomita talatin ba a lissafina, amma sai da muka ci kusan awa guda, saboda ramuka da shingayen jami'an tsaro guda biyu. A na biyun wani ya leƙo ya ce me ke cikin buhu. Adda ta ce, "Furar marainiya ce mai uba." Motar ta kwashe da dariya, har shi mai tambayar. Ni dai na juya ina kallon gero da dawa ta taga. Amfanin bana ya yi kyau, tubarkalla, har gero ya fara fidda kai.

Dutsin-Ma

Takwas da minti ashirin da biyar muka sauka. Garin ya cika da ɗaliban jami'a da 'yan Keke Napep, kowa na sauri kamar an biyo shi. Muka hau Keke zuwa makarantar, ta wajen hanyar Shema, tafiyar minti goma sha biyar. Katanga ce doguwa da waya a samanta, ga masu gadi biyu a ƙofa da wani babban littafi.

Ɗayan ya ɗauki biro. "Sunan ɗaliba?"

Na yi tari. Na gyara hula. Na ce, "Yarinya ce 'yar Rawayau, aji biyu, doguwa haka."

Ya ce, "Alhaji, dogaye suna da yawa a nan. Suna nake so."

Na zunguri Adda. Ta yi kamar tana gyaran mayafi, sai da ta ga gumi ya karyo mani sannan ta ce, "Rubuta Safiya Haruna. Wannan ne Harunan, Allah Ya shirye shi." Duk da haka bai bar mu mun wuce ba sai da ya kira Malama Hafsatu a waya, ya kuma buɗe buhun ya duba. Raina ya ɗan sosu, amma da na tuna ɗiyata ce a bayan ƙofar nan, sai na ji daɗin tsaurin.

Cikin makaranta

Malama Hafsatu mace ce gajera mai tabarau, ba ta kai Adda shekaru ba. Ta gaishe mu da ladabi, ta ce kafin a kira yarinyar tana so in ga inda take kwana. Kowane gado da gidan sauronsa. Ga rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, ga ɗakin jinya da nas a zaune, ga ɗakin gwaje-gwaje da kwalabe jere. Mun tarar da wasu yara suna bitar hadda a ƙarƙashin bishiyar bedi, wasu na wanki. Adda ta kutsa madafa ba a gayyace ta ba, ta buɗe tukunyar wake, ta ɗanɗana, ta fito tana cewa gishiri ya ɗan yi kaɗan amma ba laifi.

Abin da ya fi burge ni, kowace malama an ba ta yara 'yan kaɗan da take riƙo. Da su take cin abinci, ita ke lura da wadda ta rage ci ko ta daina dariya. Ta haka aka gano tamu. Malama ta ce a zangon farko yarinyar ba ta da na biyu a lissafi, yanzu kuwa takarda ma ba ta gamawa.

Na ce, "Dukanta aka yi? Ko abincin ne?"

Ta ce, "Ko ɗaya." Muka zauna a ofishinta, ta ciro wani littafin rubutu. "An ba su aikin insha'i, kowa ta rubuta a kan mahaifinta. Wasu sun cika shafi biyu. Ga nata."

Layi uku ne kacal. Na karanta da kaina, a hankali, don bokona na yaƙi da jahilci ne. Ta rubuta: "Mahaifina mutumin kirki ne, kowa yana faɗa. Yana da shanu. Ina jin ya kawo ni nan ne don ba ya son ganina a gida."

Wallahi sai na ji kamar an zuba mani ruwan sanyi. Ni da na tsaya gaban baffannina saboda ita! Na fusata, na ce, "Wace irin magana ce wannan? Ba ta san al'ada ba ne?"

Malama ta ce, "Ta sani, a Rawayau. A can duk ɗan fari haka ake yi mashi, ba ta ga bambanci ba. A nan kuwa ranar ziyara tana zaune tana kallon iyayen wasu suna kiran sunayensu tun daga ƙofa, ana ɗaukar hoto. Har an fara tambayarta ko ubanta ya rasu. Ba zagin al'ada nake yi ba, Malam, ni ma ɗiyar fari ce. Amma yarinya 'yar shekara goma sha uku ba ta iya karanta zuciya."

Ƙarfe goma aka shigo da ita. Ta yi tsayi! Ta durƙusa ta gaishe mu, idonta a ƙasa. Ni kuma na ɗaga kai ina nazarin fankar sama kamar ni na haɗa ta. Daga can na ce, "Adda, tambaye ta ko tana cin abinci."

Adda ta ce, "Ni ciwon haƙori nake yi."

Macen da ta ci ƙosai bakwai a gabana! Na harare ta, ta kau da kai. Sai Malama ta miƙe ta ce, "Malam Haruna, tun da Allah Ya kawo mai shanu, ka taimake mu. Karsanar gonar makaranta tana ɗingishi kwana huɗu ke nan. Safiya ce ke kula da ita. Safiya, kai shi. Hajiya, mu kuma zo mu sha shayi."

Na gane dabarar sarai, amma wane Bafulatani ne zai ji saniya na ɗingishi ya zauna?

Garke

Garken yana can ƙarshen makarantar, bayan gonar masara. Tana gaba ina biye. Farar karsana ce mai kyau, tana ɗage ƙafar baya ta hagu. Na tuɓe babbar riga na rataye a danga. Kafin in nemi igiya har yarinyar ta zarga mata a ƙaho, ta riƙe hancin, tana yi mata 'yar magana a kunne. Karsana ta tsaya cak.

Na ɗaga ƙafar. Ina kallon kofaton, ba yarinyar ba, na ce, "Me aka yi mata?"

"Na wanke da ruwan ɗumi da gishiri. Na ce a mayar da ita tudu, laka ce ke ruɓar da shi. Amma ina jin akwai wani abu a tsakani, hannuna ne bai kai ba."

Na sa yatsa, sai ga ƙaya doguwa ta nutse. Na zare ta. Na ce, "Wa ya koya maki riƙon hanci haka?"

Ta ce, "Kai, Baba. Ta bayan danga nake kallonka."

Ban san lokacin da na sauke ƙafar ba. Muna tsaye, karsana a tsakaninmu, kowa na shafa gefensa. Da sauƙi ashe, idan ba ido cikin ido ba ne. Na ce mata takardar sakamakonta ta farko sau uku na sa malamin firamare ya karanta mani a majalisa, har abokaina suka ce na ishe su. Na ce ranar da aka tafi da ita ban iya cin tuwo ba. Na ce ban kawo ta nan don in rabu da ita ba, na kawo ta ne don a duk gidan ita na fi sa wa rai.

Sai ta kifa kai a bayan karsana tana kuka. Ni ma dai wani abu ya faɗa mani a ido.

Da ta lafa na ce, "To, maganar barin makaranta fa?"

Ta share fuska da hijabi. "Idan kai za ka riƙa zuwa ranar ziyara, zan zauna."

Na ce, "Zan zo."

"Kuma maigadi zai tambaye ka suna."

Ja'ira! Jinin Adda ne a jikinta. Na ce, "Wannan kuma sai ranar ta zo." Karon farko ke nan da na ji dariyarta a kusa, ba daga ɗakin Inna ba.

Aka ba mu shinkafa da wake a ɗakin cin abinci, muka yi Azahar a masallacin makaranta. Ƙarfe biyu da rabi muka yi sallama. Malama ta ce za ta riƙa kirana duk ranar Juma'a in yi magana da yarinyar minti biyar, kuma ba ta karɓar wakili.

Komawa

Hadari ya tare mu a tashar Dutsin-Ma, ba mu tashi ba sai huɗu da kwata. Muka isa Kurfi biyar da rabi ana tsuga ruwa, don haka na kwana gidan Adda, wadda haƙorinta ya warke har ta ci gasasshiyar masara biyu. Da safe ƙarfe bakwai Sale ya zo, takwas da minti goma ina ƙofar gida lafiya. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu. Allah Ya saka wa Malama Hafsatu da malaman makarantar nan da alheri, su da suka ga abin da ni uban ban gani ba. Adda ma na gode mata, ko da yake ba zan faɗa mata ba.

Inna na zaune a tsakar gida tana tsince wake. Ta ce, "Ka gan ta?"

"Na gan ta. Za ta zauna. Har hira muka yi."

Ta riƙe baki. "Hira? La'ilaha illallahu, duniya ta zo ƙarshe!" Ta ci gaba da tsintar wakenta, can kuma ta matso da kujera. "To, me ta ce?"

Ina cikin ba ta labari na lura labulen ɗakin uwar yara yana motsi. Ita kunyarta ta ninka tawa, shekara goma sha uku ba ta taɓa tambayata labarin yarinyar ba. Da na shiga ta ajiye mani ruwa, ta juya baya tana gyaran kwanukan da ba su buƙatar gyara. Ta ce, "Mutanen can... ba su rame ba dai?"

Na ce, "Ziyara saura mako uku. Ki zo ki gani da idonki."

Ta ci gaba da gyaran kwanukanta. Har na kai bakin ƙofa sannan na ji muryarta ƙasa-ƙasa.

"Motar ƙarfe nawa take tashi daga Kurfi?"