Na Sayar da Hannun Jari Kamar Albasa Mai Ruɓewa

Ni dillalin albasa ne a Wurno, kuma a shekarar da abin nan ya same ni ban ga wanda zai koya mini ciniki ba. Da jaki ɗaya na fara. Sana'ata ba ta da wani sirri: in sayi albasa lokacin da ake cire ta tana arha, in zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, in jira ta yi tsada da damina. Kowace safiya nakan shiga in shinshina, in matsa da yatsa. Ranar da na ji ta fara laushi, ranar za ta hau mota, don albasa in ta kama ruɓewa ba ta warkewa.

Ina da aboki, tsohon hedimasta a Achida, mai yawan karance-karance a waya. Shi ya ba ni labarin wani katafaren kamfanin ƙasar waje da zai fitar da sabuwar waya da agogo da wani tabarau mai magana, wai masana harkar jari duk sun ce kamfanin zai bunƙasa. Na tambaye shi ina rumbunsu yake in je in ga kaya, ya yi dariya ya ce sai an ƙetare teku. Ni da ban taɓa sayen buhu ba sai na tura hannu har ƙasansa, sai ga ni na amince. Na kwashe rabin ruduna tun albasa na arha, na sayar wa wani ɗan Goronyo, na zuba kuɗin a hannun jari.

Ranar da aka fitar da kayan, farashin hannun jarin ya sauka. Washegari ya ƙara sauka. Uwargida ta iske ni ina matsa gilashin waya da babban yatsa, ta tambaya ko ya yi laushi. A rana ta uku na yanke hukunci irin na sana'ata: kaya sun kama, a fitar da su kafin su yi wari. Na sayar da komai bisa asara, har ina yaba wa kaina da saurin ganewa.

Da hedimasta ya ji, sai ya tare ni da tambaya. "Alhaji, mi kag gani kas saida? Wanga abu ba ya ruɓewa cikin kwana ukku."

Bayan 'yan makonni farashin ya wuce inda na saya. Albasa ma ta yi tsadar da ta daɗe ba ta yi ba. Ɗan Goronyon nan ya yi sabon babur, kuma bai taɓa wuce ƙofar gidana bai danna mini hon ba.

Ba ina cewa hannun jari kullum yana farfaɗowa ba ne, hedimasta da kansa ya ce wani in ya faɗi ya faɗi ke nan. Laifina shi ne na saya da kunnen wani, na bi hancina na sayar. 'Yan uwana 'yan kasuwa, kada gwanintarku a abu ɗaya ta ruɗe ku. Kafin ku sa dukiya a abin da ba ku iya matsawa, ku fara koyon yadda ake gane lafiyarsa. Ni dai na koma rudu, inda kaya in za su cuce ni sukan fara yi mini wari.